Kogunan Ƙanƙara da Ambaliyar Ruwa: Nazari a Kan Kogin Indus

Gabatarwa

Ƙanƙarar da Bahaushe ya fi sani ita ce wadda takan zubo tare da ruwan sama da damina, ta narke kafin a ankara. Amma akwai ƙasashen da ƙanƙara ke zaune a kan duwatsu shekaru aru-aru, kuma abincin miliyoyin mutane ya rataya a kanta. Wannan maƙala za ta duba irin binciken da masana kimiyya suka yi game da wannan ƙanƙara, ta ɗauki kogin Indus na ƙasar Pakistan a matsayin misali, domin a nan ne sauyin yanayi da ambaliya da rabon ruwa suka haɗu wuri guda.

Mene ne Kogin Ƙanƙara?

A kan dogayen duwatsu, inda sanyi ya tsananta, dusar ƙanƙara takan zuba ta ƙi narkewa. Ta bana ta hau kan ta bara, nauyin ta sama ya danne ta ƙasa har ta dunƙule ta yi tauri. Idan ta yi kauri sosai, sai nauyinta ya riƙa janta tana gangarowa cikin kwari a hankali, ta yadda ido ba ya ganin tafiyarta. Wannan shi ne dalilin kiranta kogin ƙanƙara.

Masana sukan auna lafiyar irin wannan kogi kamar yadda manomi ke auna rumbunsa, watau su kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan dusar da ta zuba a shekara ta fi wadda ta narke, kogin ya ƙaru. Idan kuwa narkewa ta rinjaya, sai ya rame, bakinsa ya ja da baya. Suna yin awon ta hanyar kafa sanduna a cikin ƙanƙarar, da kuma nazarin hotunan tauraron ɗan'adam.

Kogin Indus da Tushensa

Indus ya taso ne daga tudun Tibet, ya ratsa yankin Ladak, ya bi tsawon Pakistan, sa'an nan ya faɗa Tekun Arabiya kusa da birnin Karachi. Tsawonsa ya haura kilomita 3,000. Duwatsun Himalaya da Karakoram da Hindukush ne ke shayar da shi. A Karakoram akwai dutsen K2 mai tsayin mita 8,611, da kogunan ƙanƙara irin su Siyachen da Baltoro, waɗanda kowannensu ya wuce kilomita 60.

Muhimmancin wannan ƙanƙara shi ne, mafi yawan filayen Pakistan ba su samun isasshen ruwan sama. Ƙanƙarar takan tara ruwa lokacin sanyi, ta sake shi lokacin zafi, daidai sa'ad da gona ke bukata. Alkama da shinkafa da auduga da raken lardunan Punjab da Sind da wannan ruwa ake noma su.

Abin da Bincike ya Nuna

Ƙona gawayin kwal da man fetur da gas ya ƙara yawan iskar kabon a sararin sama, ita kuwa tana tsare zafi. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2021 ya nuna zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salsiyos, idan an kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900.

A shekarar 2019 wasu masana na Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka kwatanta tsofaffin hotunan taurarin leƙen asiri da na zamani, suka gano cewa saurin narkewar ƙanƙarar Himalaya daga 2000 zuwa 2016 ya ninka na tsakanin 1975 da 2000. A wannan shekara dai, cibiyar ICIMOD da ke Katmandu ta ƙasar Nepal ta yi hasashen cewa ko da an tsayar da ƙaruwar zafi a digiri 1.5, kimanin sulusin ƙanƙarar yankin zai narke kafin shekarar 2100, idan kuwa aka ci gaba da fitar da hayaƙi ba sassauci, abin zai kai sulusi biyu.

Sai dai ba ko'ina lamarin ya zo daidai ba. A shekarar 2005 wani masani ɗan Kanada, Kenneth Hewitt, ya bayyana cewa wasu kogunan ƙanƙarar Karakoram ba su ja da baya ba, wasunsu ma gaba suka yi. Daga cikin dalilan da aka kawo akwai cewa yankin ya fi samun dusarsa da hunturu daga iskar yamma. Wannan ya koyar da cewa kowane yanki sai an auna shi da kansa kafin a yanke hukunci.

Har ila yau, bincike ya nuna cewa kogin ƙanƙara mai ramewa yakan fara da ƙara yawan ruwan da yake bayarwa, har ya kai ƙololuwa, daga nan sai ruwan ya dinga raguwa domin ajiyar ta yi ƙasa. Misalinsa kamar magidancin da ya shiga cin irin shukarsa: bana tukunya ta cika, baɗi babu abin kaiwa gona.

Ambaliya Iri Biyu

Ya kamata a rarrabe tsakanin ambaliya biyu. Ta farko ita ce ta fashewar tafkin ƙanƙara. Idan ƙanƙara ta narke, ruwan yakan taru bayan tarin duwatsu da tsakuwa, ko bayan ƙanƙarar kanta. Wannan shinge ba shi da ƙwari, in ya karye sai ruwa da laka su kwararo cikin ɗan lokaci. Haka ta faru a watan Mayu na 2022, sa'ad da tafkin Shisper ya ɓalle ya rushe gadar Hasanabad a kwarin Hunza.

Ta biyu ita ce ta ruwan damina, wadda ta fi faɗi da ɓarna. Ambaliyar 2010 ta shafi mutane kimanin miliyan 20, ta 2022 kuwa ta shafi miliyan 33, ta hallaka fiye da 1,700. Masana sun tabbatar cewa ruwan sama mai yawan gaske da ya sauka a Sind da Balochistan shi ne babban sanadin ta 2022. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururin ruwa, don haka idan hadari ya haɗu yakan zubar da fiye da kima.

Sarrafa Ruwa da Rabonsa

An daɗe ana tare Indus da rassansa domin ban ruwa. Turawan Ingila sun kammala shingen Sukkur a 1932, Pakistan ta gina madatsar Mangla a 1967 da ta Tarbela a 1976. Amma laka da rairayin da kogin ke kwasowa suna cike madatsun, suna rage abin da za su iya ajiyewa. Ban ruwa ba tare da magudanai ba kuma ya sa gishiri ya taso ya ɓata gonaki da yawa.

Game da rabo kuwa, a shekarar 1960 Jawaharlal Nehru na Indiya da Ayub Khan na Pakistan suka sa hannu a yarjejeniya a Karachi, da taimakon Bankin Duniya. Indiya ta sami kogunan Ravi da Beas da Sutlej, Pakistan ta sami Indus da Jelum da Chenab. Yarjejeniyar ta tsallake yaƙe-yaƙen 1965 da 1971, amma a watan Afrilu na 2025 Indiya ta sanar da jingine ta bayan harin Pahalgam. Ɗaya daga cikin amfanin yarjejeniyar kafin a jingine ta shi ne musayar bayanai kan yawan ruwan koguna, wanda da shi na ƙasa ke sanin abin da ke tafe daga sama.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa Indus na fuskantar haɗari biyu, watau yawan ruwa a kusa da ƙarancinsa nan gaba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Rigakafin a nan ya ƙunshi kafa na'urorin gargaɗi a bakin tafkuna, da hana gini a kan hanyar ruwa, da gyaran magudanai, da tattalin ruwa a gona. Ambaliyar 2022 na cikin abubuwan da suka ƙarfafa kafa asusun biyan asarar sauyin yanayi a taron Sharm el-Sheik na Masar, a watan Nuwamba na shekarar. Sai dai kuɗi ba ya mayar da ƙanƙarar da ta narke, don haka rage hayaƙin da ke ɗumama duniya shi ne tushen gyara.