Kulocin Mota da Ƙafar Gizo-gizo: Me Ke Hana Feda Dawowa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin mushen gizo-gizo zai lura ƙafafunsa a naɗe suke. Dalili kuwa shi ne, a wasu gaɓoɓin ƙafarsa yana da tsokar lanƙwasawa amma ba shi da ta miƙewa. Idan zai miƙe ƙafa, ruwan jikinsa yake tunkuɗawa cikinta da ƙarfi. Da zarar ya mutu sai matsin ruwan ya gushe, ƙafafu su tattare. Kusan irin wannan ne ke faruwa yayin da direba ya taka kuloci ya ɗage ƙafa, amma feda ta kwanta ta ƙi tasowa. Mota ba za ta karɓi giya ba, in kuwa tana cikin giya sai ta ci gaba da ja. A tsakiyar kasuwa ko a mahaɗar hanya, wannan na iya jawo asarar rai.

Yadda kuloci ke aiki

Aikin kuloci shi ne haɗa inji da akwatin giya, da kuma raba su. Wani sifirin mai ƙarfi, mai siffar faifai, shi ke danne farantin kuloci a jikin inji. Idan aka taka feda, ana tura wannan sifirin ne don ya saki farantin. Da an ɗage ƙafa sai ya koma mazauninsa, ya turo feda sama. Ke nan ƙarfin da ke dawo da feda daga can ƙasa yake tasowa, ƙaramin sifirin da ke jikin feda taimako kawai yake yi.

Hanya biyu ake isar da wannan ƙarfi. Wasu motoci, kamar Volkswagen Beetle, kebur suke amfani da shi, irin na birkin keke. Wasu kuma, kamar Peugeot 504, da man birki suke aiki. A irin waɗannan akwai silinda biyu da bututu ya haɗa: ta sama a bayan feda, ta ƙasa a jikin akwatin giya. Masanin nan na Faransa, Blaise Pascal (1623-1662), shi ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin zai bazu ko'ina cikinsa ba tare da raguwa ba. Ruwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, iska kuwa tana matsuwa ƙwarai. Saboda haka ɗan kumfan iska a cikin bututu ya isa ya shanye ƙarfin duka.

Binciken cuta

Likitan kirki ba ya fara da tiyata. Haka ya kamata a bi mota, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

1. A ɗago feda da hannu, a duba ko sifirinta ya karye, ko tsatsa ta kama inda take juyawa, ko shimfiɗar ƙasa ta tokare ta.

2. A motar kebur, a duba ko ya tsinke ko zarensa ya fara warwarewa. Irin wannan ba ya gyaruwa, sai canji.

3. A motar mai, a duba kwalbar man. In ya yi ƙasa, akwai yoyo. Danshi a bayan feda na nuna robar silindar sama ta mutu, ɗiga a gefen akwatin giya kuwa ta ƙasa ce. A motoci da yawa kuloci da birki kwalba ɗaya suke sha, don haka sai a duba birki ma.

4. In mai na nan cike amma feda na nutsewa a hankali idan aka riƙe ta, to man na zagaye robar silindar sama ne ta ciki, ba ya fitowa waje.

5. In feda ta yi laushi kamar soso, kuma tana ƙara tauri idan aka yi ta takawa, iska ce ta shiga.

6. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan za a zargi sifirin faranti ko ƙarfen da ke tura shi. A nan ne kaɗai, ko kuma in silindar ƙasa a cikin akwatin take, sauke giya ya zama dole.

Magani

Bayan an canza abin da ya lalace, sai a fitar da iska. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka feda ya riƙe, ɗaya ya kwance ɗan noti da ke jikin silindar ƙasa har mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan a ɗago feda. A maimaita har kumfa ya ƙare, ana cika kwalba a kai a kai.

Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 140, ga kuma tsatsa da yake jawowa. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Kada a kuskura a zuba man inji a madadinsa, domin yana kumbura roba.

In abin ya faru ana cikin tafiya, direba ya ɗago feda da kan takalmi, ya fitar da giya. In ta ƙi fita, ya danne birki har mota ta tsaya, ko da inji zai mutu.

Gwaji a aji

Malami ya samo sirinji biyu marasa allura, ya haɗa su da siririn bututun roba, ya cika da ruwa. Idan ɗalibi ya danna ɗaya, ɗayar za ta taso nan take. Sai a shigar da ɗan iska, wani ɗalibi ya tokare sirinji ta biyu da yatsa, a sake dannawa. Ɗalibai su rubuta bambancin da suka ji a hannunsu, su kuma bayyana alaƙarsa da ƙafar gizo-gizo.