Amsoshin Tambayoyinku: Kaset Ya Ƙi Ɗaukar Ajiya

Wani mai sauraronmu daga Tsibirin Gobir yana tambaya: me ya sa babbar kwamfutar ofishinsu, mai manhajar Bacula, ta daina kwashe bayanan wata ƙaramar kwamfuta zuwa kaset?

To Malam, kar ka yi saurin zargin kaset, yawanci hanya ce ta toshe. Babbar tana kiran ƙaramar ta ƙofa 9102, ƙaramar kuma ta turo bayanai ta 9103. Ta biyun nan ce ake mantawa a buɗe a katangar tsaro. Duba kuma ko adireshin ƙaramar ya sauya bayan ɗaukewar wuta, ko kalmomin sirrin biyun sun saɓa. In duk lafiya lau, saka kaset ɗin goge na'ura, don ƙurar hunturun Maradi ba ta da wasa.