Kafin ka sauya filogin rigarka mai ɗumama jiki

Ɗan'uwa mai hawa babur a hunturun Ingila ko Kanada, rigar nan mai ɗumi da lantarki yawanci daga wajen filogi take fara lalacewa, domin nan ne ke shan lanƙwasa da fizga. Gyaran ba wuya, amma kuskure ɗaya kan ƙona na'urar saita zafi.

Fara da cire wayar daga batir. Sannan duba takardar rigar: 12 bolt ce ko 7? Mai 7 tana da nata ƙaramin batir, kada ka haɗa ta da na babur.

Inda aka fi shiga uku shi ne juya wayoyi. Zaren ɗumin bai damu da ja (+) ko baƙi (−) ba, na'urar saitin kuwa ta damu ƙwarai. Kada ka dogara da launi, gwada da mita. A zagayayyen filogi irin na Gerbing, wayar (+) ce ke zuwa tsakiya. A filogin SAE kuma, ƙarfen da ke tsirara a ɓangaren batir dole ya zama na (−), don kada ya taɓa jikin babur wuta ta tashi.

Rigar sama kaɗai tana jan kusan amfiya 6 zuwa 7, saboda haka siririyar waya za ta yi zafi. Yi amfani da mai kaurin ta asali, ka liƙe da dalma, ka rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗawa da salatif ba gyara ba ne, ruwa zai shiga.

Fiyus kuma ya zauna kusa da batir, girman da kamfani ya faɗa. In ya riƙa ƙonewa, nemi ma'aikacin wayarin, kada ka sa fiyus ɗin da ya fi wannan girma.