Darasi na 14: Kunne Abokin Aikin Ido

A karanta wannan bayani a hankali, sannan a amsa tambayoyin da ke biye.

Duk wanda ya taɓa shiga keke napep daga Shadawanka zuwa Kasuwar Wunti a garin Bauchi ya san irin girgizar da fasinja ke sha. Kansa yana ta motsi, amma yana iya karanta allunan shaguna, yana kuma gane fuskokin mutanen da ke bakin titi. Haka ma sojan da ke gudun safe a barikin Shadawanka yana ganin hanyarsa sarai. Amma idan aka ɗauki bidiyo da waya ana gudu, sai a ga komai yana rawa. To, me ya hana abin da ido ke gani yin rawa? Amsar tana cikin kunne.

Kunne ya kasu kashi uku: na waje, da na tsakiya, da na ciki. Kunnen ciki yana ɓoye a cikin ƙashin kai, can bayan dodon kunne. Wani sashe nasa shi ke kula da ji, wani kuma shi ke daidaita jiki. A sashe na biyu akwai ƙananan bututu 3 masu lanƙwasa kamar rabin zobe, cike da ruwa. Kowannensu yana fuskantar ɓangare dabam, domin ya gane irin motsin da kai ya yi: girgizawa, ko gyaɗawa, ko karkatawa wajen kafaɗa.

Idan aka juya ƙwarya da sauri, ruwan da ke cikinta ba ya bin ta nan take. Haka ruwan bututun nan yake. Da zarar kai ya juya, sai ruwan ya ɗan yi jinkiri, ya tanƙwara wasu siraran gasu da ke gindin bututun. Nan da nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci tsokoki 6 da ke juya kowane ido. Idan kai ya yi dama, sai idanu su yi hagu daidai gwargwado; idan ya yi sama, sai su yi ƙasa. Duk wannan yana faruwa cikin kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, wato kafin ƙiftawar ido, kuma ba tare da mutum ya yi niyya ba. Lallai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasan hajijiya yana nuna mana abin da ke faruwa idan saƙon kunne ya saɓa wa gaskiya. Yaro ya tsaya da juyi, amma ruwan kunnensa bai tsaya ba tukuna. Kunne yana cewa ana juyawa, idanu suna ta fizga, sai yaron ya ga duniya tana zagayawa, har jiri ya kayar da shi.

Wani likita mai suna Robert Barany, wanda ya yi aiki a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya lura cewa idan aka wanke kunnen majiyyaci da ruwan sanyi ko na ɗumi, yakan ji jiri, idanunsa kuma su riƙa fizga. Binciken da ya yi a kan kunnen ciki shi ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1914.

Wannan baiwa tana iya lalacewa. A shekarar 1952 wani likita a Amurka ya ba da labarin yadda allurar streptomycin ta lalata masa wannan sashe na kunne. Daga nan, sai ya tsaya cak kafin ya iya karanta allo ko ya gane fuskar mai zuwa. Allurar gentamicin ma tana iya yin irin wannan ɓarna idan aka wuce ƙima, kuma sau da yawa ba ta gyaruwa. Saboda haka kada a yi allura sai da umarnin likita, kada kuma a cusa tsinke a kunne. Wanda ya ga abubuwa suna yi masa rawa in yana tafiya, ko jiri ya dame shi, ya hanzarta zuwa asibiti a duba shi. Rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi
jiri: jin kamar za a faɗi, ko ganin wuri yana juyawa
hajijiya: wasan yara na juyawa a wuri ɗaya
gyaɗa kai: motsa kai sama da ƙasa don nuna yarda
tanƙwara: lanƙwasa
ƙima: adadin da ya dace

Tambayoyi
1. Kashi nawa kunne ya kasu? Kawo sunayensu.
2. Idan kai ya juya hagu, ina idanu ke nufa?
3. Me ya sa yaro ke jin jiri bayan wasan hajijiya?
4. Wane gargaɗi aka yi game da allura?
5. Bayyana ma'anar karin magana ɗaya daga cikin biyun da ke cikin darasin.

Nazarin Harshe
Dubi wannan jimla: Idan kai ya yi dama, sai idanu su yi hagu. Gina jimloli 5 da "idan" da "sai".

Aiki
Riƙe wannan littafi a gabanka, ka girgiza shi da sauri kana ƙoƙarin karantawa. Sa'an nan ka riƙe shi cak, ka girgiza kanka. A wane lokaci rubutun ya fi fitowa? Rubuta dalili a cikin jimloli 3.