Darasi Kan Diyya Da Abin Da Ba Shi Da Diyya

Raƙumi ɗari ne diyyar mutum guda,
Dangi su bayar, magada su karɓa.
In wuta ta cinye 'yan Adam duka,
Wa zai bayar, kuma wa zai karɓa?

Sharhi: Ya ɗan'uwa, ka sani malamanmu na Malikiyya sun ce diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, dangin mai kisa su biya cikin shekara 3. Wannan ba farashin rai ba ne. Sanyaya zuciyar magada ne, da tsare jini daga ramuwa.

Mutanen zamani ma suna da nasu lissafi. Ma'aikatar sufuri ta Amurka tana ƙiyasta tsirar da rai guda a kan fiye da dala miliyan 10, don ta auna ko gyaran hanya ya cancanci kuɗinsa. Ban ga laifin haka ba, matuƙar manufar ita ce ceto.

Amma dubi baiti na biyu. A 1945 bom guda ya hallaka wajen mutum 140,000 a Hiroshima. A 1962 Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kusa gwabzawa da irinsa saboda Kuba. Idan zuriya ta yanke, babu magaji, babu dangi, lissafi ya faɗi. Don haka nake cewa tsare zuriya wajibi ne tun kafin aukuwa, domin bayanta babu biya.

Allah Shi ne Masani. Allah Ya kiyashe mu, amin.