AIKIN GONA: Kafa Shinge A Gangare Da Ƙasa Mai Motsi

Mutane da yawa yanzu suna zuba dukiyarsu a sana'ar gona. Wani ya gina gidan kaji, wani ya dasa lambun mangwaro da lemo, wani ya kafa wurin turkar shanu, wani kuwa sito na ajiye hatsi da taki. Abin da kowannensu ya kan fara saye shi ne waya da dirkoki, don ya tsare wurinsa daga dabbobi da ɓarayi. A shimfiɗaɗɗen fili aikin ba shi da wuya. Amma inda wurin ya ke gangare, ko kuwa ƙasarsa laka ce, sau da yawa a kan ga shingen da aka kashe wa kuɗi da rani ya kwanta tun watan Agusta bai fita ba. Mai wuri ya zargi ɗan kwangila, ɗan kwangila ya zargi mai sayad da waya, awaki kuwa su shiga su cinye dashe. Alhali galibi waya ba ta da laifi. Ruwa ne ya kan kayar da shinge, shi da ƙasar da ke motsi a gindin dirka.

Abin Da Ke Motsa Ƙasa

Abu na fari shi ne gudun ruwa. In aka yi ruwan sama inci 1 a kan eka 1, ruwan da ya zuba ya kai duro 500, irin duron nan mai cin lita 200. A fili ya kan tsaya ya nutse a hankali. A gangare kuwa mai yawa daga cikinsa gudu ya ke yi, yana ɗibar ƙasa yana tafiya da ita. Duk dirkar da ya tarar a hanyarsa sai ya ƙwaƙule gindinta.

Abu na biyu shi ne baƙar laka, irin wadda a ke samu a wajajen Gombe da Numan, da kuma firgi na Dikwa da Ngala inda a ke noman masakwa. Wannan ƙasa in ta sha ruwa sai ta kumbura, in ta bushe sai ta tsuke ta daddare, har mutum ya iya zura hannunsa cikin tsagar. Kumburin ya kan tura dirka sama, bushewar kuma ta saki gindinta ta bar ta tana girgiɗi. In laka ta haɗu da gangare, fatar ƙasa ta bisa ta kan riƙa zamewa kaɗan kaɗan kowace shekara, shi ya sa a kan ga dirkoki duk sun sunkuya waje guda, suna duban kwari.

A Duba Wuri Kafin A Haƙa

Wanda ba ya cikin gaggawa ya kamata ya duba wurinsa sau biyu. Da damina, ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya zaga ya ga inda ruwa ke shigowa da inda ya ke fita, ya kakkafa ƴan turaku don shaida. Cikin watan Maris kuma ya koma ya ga zurfin tsagar ƙasa. Har wa yau ya kira maƙwabta da mai unguwa a tabbatad da iyaka, gama tumɓuke shinge bayan an kafa shi hasara biyu ce.

Sa'an nan a auna gangaren. Tiyon roban nan da magina ke awo da shi ya isa. A cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin sanduna biyu masu tsawo ɗaya, tsakaninsu ƙafa 10. Tun da ya ke ruwa a baki biyun daidai ya ke tsayawa, sai a auna daga ƙasa zuwa kan ruwa a kowace sanda. Bambancin da aka samu shi ne faɗuwar gangaren. In akwai kwazazzabo kusa, kada a bi bakinsa da shinge don ƙyashin ƴar ƙasar da za a bari. A ja da baya sosai, domin bakin kwazazzabo ci ya ke yi kowace damina.

Kafa Dirkoki

Ka'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin uku na dirka ya shiga ƙasa. Watau in ana son shinge mai tsawon ƙafa 5, sai a nemi dirka mai ƙafa 7 da rabi, a binne ƙafa 2 da rabi. A laka tilas a ƙara zurfi, gindin dirka ya wuce inda tsaga ta tsaya in da hali. A fili a kan bar ƙafa 10 tsakanin dirka da dirka. A gangare sai a rage zuwa ƙafa 8, ko 6 in wurin ya yi tsayi ƙwarai.

Kowace dirka a tsai da ita sak tana duban sama. Kada a karkata ta don ta dace da gangare. A rataya ɗan dutse a igiya a gwada, igiyar ba ta ƙarya.

Ƙarfin shinge duka yana ga manyan dirkokin da ke riƙe jan waya. A fili a kusurwa da bakin ƙofa a ke sa su. A gangare kuwa lalle a ƙara su a kan tudu, da gindin gangare, da duk inda ƙasa ta sake kwanciya. Su fi sauran kauri, a binne su ƙafa 3 ko fiye, a yi musu tokara ta gefen da waya ke ja, ƙarshen tokarar ya dogara da faffaɗan dutse cikin ƙasa. Ga dalili. Waya in an ja ta miƙewa ta ke so ta yi. A kan tudu sai ta danna dirka ƙasa, a cikin kwari kuwa sai ta ɗaga ta sama kamar mai cire rogo. Sabo da haka dirkar kwari a buga mata guntun katako ko ƙarfe a gicciye a gindinta kafin a binne, ƙasa ta danne shi.

In za a zuba kankare, a haɗa kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A yi ramin ya fi faɗi a gindi, bakinsa ya tsuke. Ramin da bakinsa ya fi gindinsa faɗi, laka in ta kumbura sai ta tallabi kankaren ta ɗaga shi har da dirkar. A riƙa ba kankare ruwa kwana 7, kada a ja waya kafin nan. Wanda ba shi da kuɗin siminti ya cika ramin da tsakuwa da marmara kaɗan kaɗan, yana daɓewa da taɓarya.

Game da itace, gara ita ce abokiyar gaba. Ƙirya da azarar giginya suna jure mata, amma sun yi wuyar samu, ba kuwa a sare su sai da izini. Sauran itatuwa sai an ɓare su, sun bushe, an shafa musu maganin gara. Bututun ƙarfe a shafa masa fenti, a toshe bakinsa don kada ruwa ya taru ciki ya yi tsatsa.

Hanya Biyu Ta Bin Gangare

Waya mai ƙaya bin ƙasa ta ke yi. A auna tsawon kowane layi daga ƙasa a jikin kowace dirka, shinge ya hau tudu ya sauka tare da ƙasar. A ja ta daga babbar dirka zuwa babbar dirka, kada a ja dogon layi gaba ɗaya ya ƙetare tudu da kwari. Kada kuma a ja ta har ta yi ƙara kamar tsirkiyar garaya, gama ƙasa in ta motsa sai ta tsinke ko ta tuge dirka.

Ragar ƙarfe mai tauri da katangar bulo kuwa ba su lanƙwasa, sai a yi su hawa hawa kamar matakala. Misali, in gangare yana faɗuwa ƙafa 1 cikin ƙafa 10, dirkoki kuma ƙafa 8 tsakaninsu, kowane ɗaki na shingen zai sauka wajen inci 10 ƙasa da na bisansa. Nan fa za a sami kafa a ƙarƙashi ta gefen gangare, wadda ɗan akuya ko kare zai iya kutsawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe kafar da jerin duwatsu, domin duwatsu suna tare dabba su bar ruwa ya wuce. Dirkar da ke tsakanin hawa biyu kuma a tuna ta fi sauran tsawo.

A Ba Ruwa Hanya

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a gicciya katanga a gangare ba a bar mata mafitar ruwa ba. Ta zama madatsa ke nan, alhali ba a gina ta don haka ba. Ruwa da taɓo su taru a bayanta, dare ɗaya ta kife. A bar ƙofofin ruwa a layin bulo na ƙasa, kamar kowace ƙafa 6, a zuba tsakuwa a bayansu. Inda babban ruwa ke bi a sa kwalbati da sandunan ƙarfe a bakinsa. Doguwar katanga a laka kuma a yanka ta gaɓa gaɓa, a bar ɗan tsagi tsakani, don in wani sashi ya motsa kada ya ja sauran.

Ta gefen tudu, ƴan ƙafafu bisa da shinge, a haƙa lambatu mai bin kwanciyar ƙasa, ya tare ruwa ya kai shi sannu a hankali inda ya saba fita. A jera duwatsu a mafitar don su karya ƙarfinsa. Kada a juya shi cikin gonar maƙwabci, wannan neman shari'a ne.

Shuka Ita Ce Mataimakiyar Waya

Waya tsufa ta ke yi, shuka kuwa ƙarfi ta ke ƙarawa. A dasa layin jema ko gamba ta gefen tudu da farkon damina, gindi da gindi kamar inci 6. Saiwar jema tana shiga ƙasa ƙwarai, ganyenta kuma ya tace ruwa ya riƙe ƙasar da ya ɗebo. Kusa da waya a kafa yankan aguwa, ko dashi, ko ararraɓi, ko bini da zugu. Aguwa da dashi da bazara a ke kafa su, kafin ruwa ya sauka, don in ƙasa ta jiƙe sharkaf yankan ruɓewa ya ke yi. Wanda ya je ƙasar Jos ya ga yadda manoman dutse suka daɗe suna kewaye gonakinsu da ƙyarana, tana tsare dabba tana kuma riƙe ƙasa.

Bayan kowane babban ruwa a damina ta fari, mai wuri ya zaga shingensa da fartanya. Ya yashe lambatu, ya kwashe shara daga ƙofofin ruwa, ya cike gindin dirkar da ya ƙwaƙule ya daɓe. Da rani kuma ya zuba yashi cikin tsagar da ta buɗe kusa da dirkoki. Shingen da ya ci damina biyu yana tsaye da irin wannan kulawa, da wuya ya ba mai shi kunya. Wanda wurinsa ke da tsayi ƙwarai, ko kwazazzabo ya riga ya kama shi, ya nemi malamin gona na ƙaramar hukumarsa ya duba masa kafin ya sayi ko da dirka ɗaya.