Darasin Tarihi: Yadda Amurkawa Ke Bin Sawun Kakanninsu

Bature baƙo ne a ƙasar Amurka, ya tarar da masu ƙasa a wurin. Garin farko da Turawan Ingila suka kafa ya ɗore shi ne Jamestown, a shekarar 1607. A shekarar 1620 kuma wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya iso da fasinja 102, suka kafa garin Plymouth. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe kusan rabinsu kafin hunturun farko ya wuce. Waɗanda suka saura su ne yau miliyoyin Amurkawa ke tinƙaho da cewa daga tsatsonsu suka fito.

To, amma faɗa da baki ba ta wadatarwa. Tun 1897 aka kafa ƙungiyar jikokin mutanen Mayflower, kuma ba ta karɓar "kakata ce ta gaya mini". Mai son shiga sai ya kawo takardar shaida a kan kowane uba ko uwa, daga kansa har zuwa wanda ya sauko daga jirgin. Tsakanin nan akwai kakanni fiye da goma. In guda ɗaya ya rasa shaida, igiya ta tsinke.

Saboda haka mai neman asali ba ya farawa daga jirgin, da kansa yake farawa, yana komawa baya. Zai nemi takardar haihuwarsa, da ta auren iyayensa, da ta rasuwar kakanninsa. Zai zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta abin da suka tuna, kana ya je maƙabarta, domin Turawa kan sassaƙa suna da shekaru a dutsen kabari.

Daga nan sai littattafan ƙidayar jama'a. Amurka na ƙidaya kowace shekara goma tun 1790. Da farko sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran 'yan gida sai dai adadinsu. Daga 1850 ne aka shiga rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci da shekarunsa da inda aka haife shi. Gwamnati ba ta buɗe waɗannan littattafai sai sun shekara 72, shi ya sa na 1950 bai fito ba sai 2022. Na 1890 kuwa gobara ta lalata akasarinsa a 1921, har yanzu masu bincike na kukan wannan giɓi.

In an wuce 1790, sai a koma ga littattafan coci da na hukumar gari, da takardun cinikin gona, da wasiyya. Wasiyya ta fi kowace daraja, domin a cikinta uba ke ambaton 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Jikokin Mayflower sun yi sa'a, gwamnansu William Bradford ya zauna wajen 1651 ya rubuta sunayen fasinjojin, da wanda ya mutu, da wanda ya hayayyafa. Cikinsu akwai wani bara mai suna John Howland, wanda ya faɗa teku ana tsakiyar tafiya, Allah ya sa ya cafki igiya aka jawo shi. Ya rayu ya haifi 'ya'ya goma. Shugaba Franklin Roosevelt da su George Bush, uba da ɗa, duk zuriyarsa ne.

Hanyar nan tana da ramuka. Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya, gari guda kan sami John Smith uku a lokaci ɗaya. Kafin 1752 kuma sabuwar shekarar Ingilishi ranar 25 ga Maris take kamawa, watau yaron da aka rubuta an haife shi a Fabrairun 1700, a lissafin yau 1701 ke nan. Ga kuma 'yan damfara. Wani Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya yi shekaru yana ƙaga wa attajirai asalin ƙarya yana karɓar kuɗi masu kauri, kuma ƙaryarsa ta shiga littattafai da yawa.

Waɗanda kakanninsu suka zo daga baya aikinsu ya fi sauƙi. Tun 1820 doka ta tilasta wa kowane jirgi ya miƙa sunayen fasinjansa. Tsibirin Ellis da ke New York kaɗai ya karɓi baƙi sama da miliyan 12 daga 1892 zuwa 1954, kuma ana iya duba sunayensu ta intanet.

Amma akwai waɗanda takarda ta yi wa rowa. A 1619, tun Mayflower bai taso ba, aka sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a yankin Jamestown, kuma ba da son ransu suka zo ba. A ƙidayar 1850 da 1860 ba a rubuta sunan bawa, sai shekarunsa da launinsa da ko namiji ne ko mace, a ƙarƙashin sunan ubangijinsa. Sai a 1870, shekara biyar bayan hana bauta, akasarin baƙaƙen fata suka shiga ƙidaya da sunansu. Awon jini na zamani kan nuna wa mutum yankin Afirka da kakanninsa suka fito, amma ba ya faɗin sunan kowa. Wanda ke son wuce 1870 dole ya fara gano gidan da ya mallaki kakansa, ya nemi wasiyyar maigidan ko takardar rabon gadonsa. A nan sau da yawa ake samun sunan, a jere da dawaki da shanu, an rubuta kuɗinsa a gefe.